Wutar Nijar da gazuwal: yaushe za mu rabu da ƙona mai?

Dan Damagaram:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Akwai maganar da ta daɗe tana ci na a rai, yau dai bari in ajiye ta nan kowa ya tofa albarkacin bakinsa. Kullum in ana zancen kuran a Nijar sai ka ji an ce ai matsalarmu mun dogara da Najeriya, kashi 70 daga can take zuwa, shikenan an rufe magana. Ni kuma a ganina abin da muka fi jingina da shi tun fil azal mai ne, wayar Najeriya rufe mana ido kawai ta yi. Ku duba tarihin, Nigelec, kamfanin lantarki na ƙasa, da aka kafa a 1968 injinan gazuwal ta tarar kuma da su ta riƙa ba Yamai da sauran manyan garuruwa wuta, sai a 1976 aka jawo layi daga Birnin Kebbi ya kawo wutar madatsar Kainji mai arha, injinan suka koma 'yan ko-ta-kwana. A 1994 aka jawo na Katsina zuwa Gazawa, mu nan da Maradi muka samu. To amma daga nan duk lokacin da jama'a ta ƙaru buƙata ta fi ƙarfin waya me aka gina? Tashar Goru Banda kusa da Yamai a 2017 megawat 80, gazuwal. Ta Gudel a Yamai a 2021 megawat 89, mai. Nan Damagaram megawat 22, mai. Kowane lokaci sai a ce na wucin gadi ne kafin madatsar ruwan Kandaji ta ƙare, ga shi yaran da aka haifa ranar da aka aza tubalin Kandaji a 2008 sun zama samari. Tambayata ita ce, ƙasar da ke haƙo mai daidai ne ta ci gaba da ƙona shi don wuta ko kuwa asara muke tafkawa?

Ummu Hanifa (Yamai):
Wa alaikumus salam Malam. Ni dai gaskiya ban ga laifin ba, man nan namu ne fa, daga Agadem yake fitowa, Soraz ke tace shi nan kusa da ku tun 2011. Da can da muke sayo gazuwal daga waje sai ya bi ta Kwatano ko Lome a kan siterni, a nan kam na yarda asara ce. Yanzu kuwa abinmu ne, in ba mu ƙona shi mun samu wuta ba wa za mu bar wa? Zanen aro ba ya rufe katara, mun gani da idonmu a watan Agustan 2023 da Najeriya ta yanke mana wuta saboda takunkumi.

Hajiya Mai Ƙanƙara (Maradi):
Ummu Hanifa 'yata Allah ya yi miki albarka kin tuna min. Wlh lokacin nan ban taɓa ganin irinsa ba, firigo uku gare ni ina ƙulla ruwa da lemun zaƙi da bisab a leda, da asuba yara su zo da kula su ɗauka su tafi tasha da kasuwa. Da aka yanke wutar nan sai ka buɗe firigo ka sa hannu ka ji ledar ta yi laushi ruwa na motsi a ciki, saman kawai ya ɗan kama, yaro ya zo ya latsa da yatsa ya ce Hajiya wannan ba ta yi ba ya juya da kularsa wayam. Na ari gurup wajen ƙanena, abin da na zuba na mai a wuni ya fi abin da ƙanƙarar ta kawo, dole na kashe biyu na bar ɗaya. Ni ban san megawat ba amma na san duk wutar da aka yi da mai ta fi ƙarfin mai ƙaramar sana'a.

Dan Damagaram:
Hajiya Allah ya mayar da alheri. Kin ga abin da ya same ki a tsakar gida shi ne ke samun ƙasa baki ɗaya, girman injin ne kawai ya bambanta. Ummu Hanifa, maganar namu ne ita ce inda nake so mu tsaya. Manomin da ya ɗebo hatsi a rumbunsa bai biya kowa ba amma ba zai ce kyauta ya ci ba, tiyar da ya daka ita ce tiyar da bai kai kasuwa ba. Duk litar da aka zuba a Goru Banda lita ce da ba a sayar ba. Kuma ma ba namu ne duka ba, Soraz kashi 60 na kamfanin CNPC na Sin ne, 40 na gwamnati, ganga dubu 20 take tacewa a rana, daga ciki motoci su sha, manyan kamiyo su sha, injinan ban ruwa su sha, sannan tashoshin wuta.

Tsohon Bakanike (Tawa):
Salamu alaikum ɗiyana. Ni aikin gurup ni yi hat tsuhwana, bari in ba ku lissahi na hannu ba na takarda ba. Inji mai lahiya lita guda ta gazuwal tana ba ka kilowat ukku da rabi zuwa huɗu, in ya tsuhwa ko hakan ba ka samu. To gazuwal a famfo sefa 618 anka maishe shi a 2024, da 668 ya kai tun 2022. Ku raba da huɗu, kun ga kilowat guda ya tasam ma 155 kuɗin mai kaɗai, ba a yi zancen bidanji ba, ba a yi zancen filta ba, ba a biya ma'aikaci ba. Shi ko mai ƙaramin kwantar a gida bai biyan ko 100 a kilowat. Na sani babban kamhwani ba a famfo shika saye ba, ana rage mishi, amma komi anka rage giɓin na nan, kuma wutar Najeriya mai arha ita ta riƙa cike shi shekara da shekaru.
Wani abu kuma da mutane ba su lura da shi, inji bai son zahi. Watan huɗu da na biyar lokacin da kowa ka son banti da kilim, zahi ya haura 44, lokacin ne injin ka rage ƙarhi don iskar da shika shaƙa ta yi zahi, ruwan radiyato na tahwasa dole ka rage mishi kaya ko ka kashe shi ya huce. In hunturu ya zo kuma ƙura ta toshe filta, ka ciro ta ka buga da ƙasa ka ga abin da ka zuba kamar ka zazzage buhu. Kayan gyara ko duk daga waje, pisto guda ya lalace sai inji ya yi watanni kwance ana jiran jirgi.

Ummu Hanifa (Yamai):
Baba na gode, wannan lissafin ban taɓa jinsa haka ba. Amma Baba in ba don injinan nan ba da yaya Yamai za ta yi a 2023? Su fa suka riƙe asibitoci da famfunan ruwa har aka janye takunkumi a Fabrairun 2024.

Tsohon Bakanike (Tawa):
Gaskiya ta ɗiyata, ba ni ƙin su, da su ni ci abinci. Inji na da ranarshi, cikin mintoci ka tashe shi ya ɗauki kaya, tashar gawayi ba ta yi maka haka. Abin da ni ce shi na a aje shi don ranar tsiya, ba a ɗora mishi gari dare da rana ba.

Ɗan Kurmi (Kano):
Salam 'yan uwa. Ni daga wannan ɓangaren nake, kuma wlh ranar da aka yanke muku wutar nan mu nan Kano da Katsina ba wanda ya ji daɗi, kowa yana da dangi a Maradi ko Damagaram. Amma ina so in gyara wani abu, kar ku ɗauka mu mun tsira daga mai. A takarda wutar Najeriya ta iskar gas ce mafi yawa, sauran kuma ruwa, Kainji da Jebba da Shiroro da Zungeru, in ka duba za ka ce ai ƙasar nan ba ta ƙona mai don lantarki. Ka shigo Kantin Kwari ko Sabon Gari da rana ka ji ƙarar janareto ta ko'ina, ka je Sharaɗa da Challawa da Bompai ka ga tankin dizal a bayan kowace masana'anta da ta rage da rai. Mu namu ƙona man a ƙofar shago ake yi, ba ya shiga lissafin gwamnati, kowa da tasharsa. Da aka cire tallafi ranar 29 ga Mayun 2023 fetur ya ninka, masu aski da masu walda da masu cajin waya su suka fara ji a jikinsu. Ku naku aƙalla babban inji ne guda yana ba unguwanni, ya fi ƙananan nan dubu tsimin mai nesa ba kusa ba.

Bakatsine:
Ɗan Kurmi ka faɗi gaskiya. Sai dai ni abin da ke ba ni haushi mu ba mu ƙoshi ba ana tura wa maƙwabta, ga layin ya ratsa ta kanmu ya wuce.

Ɗan Kurmi (Kano):
Haba malam, ba sadaka ake ba su ba saye suke. Kuma jami'anmu da kansu sun sha faɗa cewa dalilin yarjejeniyar tun farko shi ne kar a tare kogin Kwara daga sama, don in Nijar ta datse ruwa Kainji da Jebba ne za su ji. Abin da ake tura musu ma in an raba mana ba zai kai ko'ina ba, matsalarmu ta fi nan.

Dan Damagaram:
Dan Allah mu bar zancen wa ya ci wa, Bakatsine ɗan uwa ne kuma kukansa na da dalili. Abin da nake so ku gani shi ne duniya ta daɗe da barin hanyar nan. A 1973 kusan kashi ɗaya cikin huɗu na lantarkin duniya da mai ake yinsa, yau bai wuce kashi 3 cikin ɗari ba. Me ya kawo haka, yaƙin Larabawa da Isra'ila na Oktoban 1973, ƙasashen Larabawa suka rage mai, farashin ganga ya ninka kusan sau huɗu cikin 'yan watanni, sai kuma juyin juya halin Iran a 1979 ya ƙara. Japan a lokacin sama da kashi 70 na wutarta mai ne, ta juya ga gas da gawayi da nukiliya. Faransa a 1974 ta yanke shawarar gina tashoshin nukiliya rututu, yau wajen kashi biyu cikin uku na wutarta daga nan ne. Kuma abin da ke min ciwo, wani ɓangare na yuraniyom ɗin da ya fitar da su daga ƙangin mai daga Arlit aka haƙo shi, kamfanin Somair ya fara haƙar tun 1971. Wato ƙasarmu ta taimaka wa wata ta daina ƙona mai, mu kuma bayan shekara hamsin sababbin injinan mai muke buɗewa da kiɗa da guɗa, kuma har yau wajen mutum ɗaya cikin biyar ne kawai ke da kuran a gidansa.

Ɗan Agadas:
Malam ka taɓo inda ke mana ƙaiƙayi. Amma a yi adalci, ba a zauna haka nan ba, mu nan arewa ba da mai ake ba mu wuta ba tun 1981, gawayin Anu Araren ne, tashar kamfanin Sonichar a Cirozerin, injina biyu kowanne megawat 18.8. An gina ta ne saboda ma'adinan Arlit don kawo gazuwal har can tsakiyar hamada ya yi tsada, sai garuruwan Agadas da Arlit da Cirozerin suka samu albarkacinsu. To tashar ta tsufa, shekara arba'in da ɗoriya, Agadas kuma ta cika ta batse da masu zinariya da baƙi, in injin ɗaya ya tsaya don gyara sai a koma kan gurup ɗin gazuwal. Ga gawayin Salkadamna a jihar Tawa tun muna yara muke jin za a yi tasha.
Sannan akwai waɗanda ba a ma zancensu, ƙananan garuruwan da waya ba ta kai ba, gurup ɗaya ne a bayan gari cikin ɗakin kwano. Na zauna a irinsu, da magariba za ka ji ya tashi, fitilu su kama, kowa ya ruga ya sa caji, mai firigo ya kunna, tsakar dare a kashe. Ranar da siterni ta makara a hanya ko damina ta yanke hanya to sai gari ya yi kwanaki a duhu, ma'aikacin likita yana ta faman neman inda zai kai allurar rigakafi kar ta lalace.

Ɗan Zangon Kumasi:
Gaisuwa ga manya. Mu ma Gana mun ɗanɗana. Akosombo tun 1965 ruwa ne ke ba mu wuta, da ruwan ya riƙa ja baya aka gina tashar Aboadze kusa da Takoradi a 1997 tana ƙona ɗanyen mai, daga baya aka jawo bututun gas daga Najeriya aka ce an huta. A watan Agustan 2012 ƙugiyar wani jirgin ruwa ta fasa bututun a gaɓar Togo, kusan shekara ba gas, aka koma sayen ɗanyen mai da dala, kuɗin suka gagara, daga nan dumsor, wato yawan ɗauke wuta, ya kankama har wajen 2016. Abin da ya ɗan cece mu gas ɗinmu na cikin teku da aka fara tacewa a Atuabo. Shi ya sa nake tambaya, ku rijiyoyin Agadem ba sa fitar da gas ne tare da man? In akwai ai shi ya kamata a ƙona a sayar da man.

Tsohon Bakanike (Tawa):
Akwai gas a ƙasan Agadem ɗana, amma nisa ad da wuya, daga can zuwa Yamai ya hi kilomita dubu. Ko dai ka ja bututu ko ka gina tashar can ka ja babbar waya, kowanne kuɗi na mai yawa. Kuma layukanmu ba a haɗe suke ba, na Yamai da Doso da Tilaberi daban, na Maradi da Damagaram da Tawa daban, na Agadas daban, na Difa daban. Ko wuta ta yi yawa wuri guda ba ta da hanyar zuwa wani.

Ummu Hanifa (Yamai):
To amma Saudiyya fa? Su da suka fi kowa sanin darajar mai ai ɗanyensa suke zubawa a tashoshin wuta lokacin zafi, ganga dubu ɗaruruwa a rana, ban ji an ce sun yi wauta ba. Mu yanzu ga bututu kusan kilomita 2000 har Seme a Benin tun 2024, ana maganar ganga dubu 110 a rana gaba ɗaya, ɗan abin da za a ware wa wuta nawa yake?

Dan Damagaram:
Ƙanwata Saudiyya tana haƙo ganga miliyan tara zuwa goma a rana, mu dubu ɗari da 'yan kai, kuma su ɗin ma sun ce suna so su daina kafin 2030, shi ya sa suke ta shimfiɗa sola da tashoshin gas, sun gane gangar da suka ƙona a gida da sun sayar ta fi musu. In kina son misalin da ya yi kama da mu ki dubi Chadi. Tun 2003 suke fitar da man Doba, matatar Jarmaya ta buɗe a 2011 shekara ɗaya da Soraz, wutar Injamena kusan duka ta mai ce, amma ki tambayi duk wanda ya zauna can yadda ake ɗauke wuta da yadda take tsada, masu kuran a gida ma ba su kai namu yawa ba. Kuma kar ki manta watan Maris na 2025 da aka yi dogayen layuka a gidajen mai a nan ƙasar, esansi ya yi wuya saboda na sumoga daga Najeriya ya daina shigowa da arha, nan muka gane Soraz kaɗai ba ta ƙosar da mu. In wutarka da motarka da injin ban ruwanka duk daga matata ɗaya suke sha, ranar da ta tsaya gyara komai ne zai tsaya tare.

Ɗan Agadas:
Ni dai Kandaji ce ke ba ni tausayi. Megawat 130 ga ruwan noman rani ga na sha, tun shekarun 1970 ake zancenta, Shugaba Tandja ya aza tubali a 2008, kamfanin Rasha da aka ba ya kasa aka karɓe kwangilar, a 2019 aka sake tayar da aikin da kamfanin Gezhouba na Sin, 2023 masu ba da kuɗi suka dakata aiki ya tsaya. Amma ko an gama ta kar mu yaudari kanmu, kogin nan watan biyar da shida ja baya yake sosai, daidai lokacin da aka fi son wutar.

Ɗan Kurmi (Kano):
Shi ya sa ni na fi ganin sola. Nan Kano duk wanda ya samu hali ya ɗora faranti a kan rufi, masallatai da shaguna da masu rijiyar burtsatse, ba wanda ya yi musu wa'azi, tsadar fetur ce ta kora su. Ku da rana ta fi tamu ma zafi.

Dan Damagaram:
An fara ai, Malbaza megawat 7 tun 2018, sai ta Goru Banda megawat 30 da ta fara aiki ƙarshen 2023 ana tsakiyar takunkumi, mutanen Yamai sun shaida da rana an samu sauƙi. Ku dubi abin, wuri ɗaya ne, gefe injinan gazuwal gefe faranti, kowace awa da farantan suka yi aiki lita dubbai ce ba a ƙona ba. Megawat 30 ɗin ce ta yi kaɗan, da irinta biyar ko shida ne a Maradi da Damagaram da Tawa da Agadas da lissafin ya canza.

Tsohon Bakanike (Tawa):
Na yarda da kai Malam amma in ƙara maka, an hi jan wuta daga magariba zuwa sha ɗayan dare, lokacin rana ta hwaɗi. In ba batir manya, dole inji ya tashi da dare. Abin da ka yiwuwa yanzu shi na rana ta ɗauki wuni, inji ya ɗauki dare, ka ga an rage man sosai kuma injin ya samu hutu a yi mishi gyara da rana. Kuma faranti na son wanki, ƙurar hunturu in ta kwanta bisa sai ka ga ƙarhi ya ragu, dole a aje ma'aikata da ruwa don wannan kaɗai.

Hajiya Mai Ƙanƙara (Maradi):
Baba tunda Allah ya kawo ka, ni firigo ɗaya nake so in mayar kan sola, babba mai buɗewa ta sama. Wani ya ce min sai na sayi batir huɗu, kuɗin da ya faɗa ya tsorata ni. Dole ne sai da su?

Tsohon Bakanike (Tawa):
Hajiya ba dole ba ne huɗu. Ke sana'arki ta hi ta kowa dacewa da rana, don ƙanƙara ita kanta ajiyar sanyi ta. Ki sa faranti isassu firigon ya yi ta aiki tun hantsi hal la'asar, ki jera ledojin ruwa a ƙasa su daskare, da dare ki kashe ki ruhe da bargo mai kauri kar a riƙa buɗewa, sanyin na kai ki asuba. Batir ɗaya ko biyu sun isa don in hadari ya taso kar kwamfireso ya riƙa tsayawa yana tashi. Abin da za ki kula shi na na'urar da ka juya wutar, ki sayi mai ƙarhi da ta ninka abin da anka rubuta a bayan firigon sau ukku ko huɗu, don lokacin tashi ne shika jan wuta da yawa. Ki sa wani yaro ya ɗauko hoton ƙaramar takardar da ke liƙe a bayanshi ya turo nan, in gani in hwaɗa miki faranti nawa za ki saye.

Hajiya Mai Ƙanƙara (Maradi):
To Baba Allah ya saka da alheri ya ƙara lafiya, bari yaron ya dawo daga islamiyya zan sa ya turo.